Shin Birtaniya 'Yar Amshin Shatan Amurka Ce?

Tambaya: Wani mai karatu ya aiko yana cewa ya lura duk lokacin da wata fitina ta ɓarke a duniya, daga Iraƙi zuwa Libiya har zuwa Yemen, sai ya ji an ambaci Amurka da Birtaniya a gefe ɗaya. Yana so ya sani ko akwai wata yarjejeniya da ta wajabta musu tafiya tare, ko harshen Ingilishi da suka yi tarayya a kansa ne ya haɗa su, ko kuwa Birtaniya ta koma 'yar amshin shata ce, abin da aka rera a Washington shi take amsawa a Landan.

Amsa: Malam mai tambaya, babu wata takarda guda ɗaya da ta ce dole Birtaniya ta bi Amurka duk inda ta sa gaba. Ko yarjejeniyar ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda dukkansu suka sa wa hannu a 1949, abin da ta tanada shi ne a kai wa juna ɗauki idan aka kai wa ɗaya hari, ba ta ce a raka kowa yaƙin da ya ɗauko da kansa ba. Abin da ya ɗaure ƙasashen biyu shi ne wasu yarjejeniyoyi da aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya tun daga 1940, kuma mafi nauyinsu sun shafi musayar bayanan sirri, da makaman nukiliya, da sansanonin soja. A waɗannan fannoni Birtaniya ta jingina da Amurka ƙwarai, har ta kai ba za ta iya janye jiki cikin shekara ɗaya ko biyu ba ko da ta so. A sauran fannoni kuwa, kamar ciniki da shari'a da tsarin kula da jama'a, har ma da batun Falasɗinu, sau da yawa kowa hanyarsa yake bi. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai gane dalilin da ya sa suke tafiya tare a wani wuri, su kuma raba gari a wani.

Harshe yana sauƙaƙa mu'amala, babu musu, domin jami'an ƙasashen biyu suna tattauna abu mai nauyi ba tare da tafinta ba, kuma tushen dokokinsu ɗaya ne. Sai dai da wannan harshe guda suka gwabza yaƙi har sau biyu. Na farko shi ne yaƙin neman 'yancin Amurka da aka kammala da yarjejeniyar Paris a 1783, na biyu kuma wanda ya tashi a 1812, wanda a cikinsa sojojin Birtaniya suka shiga Washington a watan Agustan 1814 suka cinna wa fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa wuta. Ko a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka ba ta shiga ba sai a 1917, bayan Birtaniya ta shafe kusan shekara uku tana asarar matasanta.

Abotar da ake gani a yau tsananin buƙata ce ta haife ta. Da Faransa ta faɗa hannun Jamus a watan Yunin 1940, Birtaniya ta wayi gari baitulmalinta yana ƙarewa, kuma Firaminista Winston Churchill, wanda mahaifiyarsa Ba'amurkiya ce, ya duƙufa wajen zawarcin Shugaba Franklin Roosevelt. Taimakon farko da ya samu ciniki ne tsagwaronsa: a watan Satumban 1940 Amurka ta ba da tsofaffin jiragen ruwan yaƙi 50, ta karɓi hayar filaye na shekara 99 don kafa sansanoni a yankunan da Birtaniya ke mulka a Karibiyan da Newfoundland. A watan Maris na 1941 aka kafa dokar da ta ba Amurka damar bai wa Birtaniya aron makamai da abinci. Wani sashe na wannan taimako ta sararin samaniyarmu ya wuce. Ana sauke jiragen sama a cikin akwatuna a Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ta Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su ratsa Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, zuwa Khartoum da Alƙahira, kuma daga 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya shiga aikin kula da wannan hanya.

A watan Agustan 1941 shugabannin biyu suka haɗu a cikin jirgin ruwa a gaɓar Newfoundland, suka fitar da sanarwar da ake kira Yarjejeniyar Atlantika, wadda a cikinta suka ce kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar irin gwamnatin da za ta mulke ta. Nan take saɓani ya bayyana. Roosevelt ba ya ƙaunar daular Turawan Ingila, kuma yana so a buɗe kasuwanninta ga kayan Amurka, shi kuwa Churchill da ya koma gida sai ya shaida wa majalisa cewa ƙasashen Turai da Hitler ya mamaye ake nufi, ban da ƙasashen da Birtaniya ke wa mulkin mallaka. 'Yan bokon Afirka ta Yamma ba su karɓi wannan fassara ba. A 1943, lokacin da tawagar 'yan jaridar yankin ta ziyarci Ingila, Nnamdi Azikiwe ya miƙa takardar neman 'yanci da ya kafa hujjarta a kan wannan sanarwa. Malam Abubakar Imam na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo yana cikin tawagar, kuma bai sa hannu a takardar ba.

Da yaƙi ya ƙare aka ga ainihin yanayin abotar. Kwanaki kaɗan bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, Shugaba Harry Truman ya dakatar da shirin aron nan kwatsam. Birtaniya ta tura masanin tattalin arziki John Maynard Keynes zuwa Washington da fatan samun kyauta, sai ya dawo da rancen dala biliyan 3.75 mai ruwa kashi 2 cikin ɗari, bashin da ba ta gama biya ba sai a watan Disambar 2006. A 1946 kuma majalisar Amurka ta kafa dokar McMahon, wadda ta hana bai wa kowace ƙasa sirrin nukiliya, alhali masanan Birtaniya sun yi aiki a shirin ƙera bam ɗin farko, kuma Churchill da Roosevelt sun yi alƙawarin haɗin gwiwa a kansa a Quebec a 1943. A cikin wannan hali ne Churchill, wanda ya riga ya sha kaye a zaɓe, ya je garin Fulton na jihar Missouri ranar 5 ga Maris 1946 ya yi jawabin da ya yi kira ga "dangantaka ta musamman" tsakanin Amurka da daular Birtaniya. Tun daga lokacin, 'yan siyasar Birtaniya ne suka fi yawan ambaton wannan dangantaka. Shugabannin Amurka sukan ambace ta ne galibi idan sun kai ziyara Landan, don sun san masu masaukinsu suna son jin haka.

A wannan rana ta 5 ga Maris 1946, cikin sirri, ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar musayar bayanan da ake tatsa daga hanyoyin sadarwa. Daga baya Kanada da Ostireliya da New Zealand suka shiga, ƙawancen da ake kira Idanu Biyar, kuma ba a fito da takardun yarjejeniyar fili ba sai a 2010. Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, wato NSA, da takwararta ta Birtaniya GCHQ da ke Cheltenham suna raba aiki, suna musayar ma'aikata, kuma bayanan da Edward Snowden, wanda ya taɓa yi wa NSA aiki, ya fallasa a 2013 sun nuna yadda aikinsu ya sarƙe da juna. A nan ne Birtaniya take da abin da Amurka ke buƙata da gaske: manyan wayoyin intanet da suka ratsa ƙarƙashin tekun Atlantika da yawa a gaɓarta suke fitowa, tana kuma riƙe da sansanoni biyu a tsibirin Cyprus, dab da Gabas ta Tsakiya. A ganina wannan fanni ya fi kowane bayyana dalilin da ya sa manufofinsu na tsaro suke kama da juna. Gwamnatoci biyu da suke karanta rahoto iri ɗaya kowace safiya, barazana iri ɗaya za su riƙa gani, kuma idan rahoton ya zo da kuskure, tare za su faɗa cikinsa.

Batun nukiliya kuwa ya fi nuna rashin daidaiton ƙarfi. Da Amurka ta rufe mata ƙofa, Birtaniya ta ƙera nata bam ɗin, ta gwada shi a gaɓar Ostireliya a watan Oktoban 1952, sannan ta gwada mafi ƙarfinsa a 1957. Ganin haka, da kuma firgicin da tauraron ɗan'adam na Tarayyar Sobiyet ya jefa Amurka a ciki a wannan shekara, sai aka sake buɗe ƙofar, aka ƙulla yarjejeniyar tsaro ta 1958 da ta halatta musayar sirrin ƙera makaman da kayan haɗa su. Sai dai bam ba ya kai kansa inda za a jefa shi, kuma kuɗin ƙera makami mai linzami da zai ɗauke shi ya fi ƙarfin Birtaniya. A watan Disambar 1962 a Nassau, Firaminista Harold Macmillan ya shawo kan Shugaba John Kennedy ya sayar masa da makamin Polaris, wanda daga baya Trident ya maye gurbinsa. Yadda abin yake a yau shi ne, Birtaniya tana ƙera jiragenta huɗu masu tafiya ƙarƙashin teku, waɗanda mazauninsu yake Faslane a Scotland, tana kuma ƙera kawunan makaman a Aldermaston, amma su makaman masu linzami daga rumbu ɗaya ake ɗauko su da na Amurka, a Kings Bay da ke jihar Georgia, can kuma ake mayar da su don gyara. Firaministan Birtaniya yana da ikon ba da umarnin harbawa ba tare da neman izinin kowa ba, amma da Amurka za ta janye hannunta daga kula da makaman, cikin 'yan shekaru tsarin zai durƙushe. Duk firaministan da ya zauna a gida mai lamba 10 a Titin Downing ya san da wannan kafin ya buɗe baki ya soki shugaban Amurka.

Sansanonin soja su ne ladan da Birtaniya ke biya. Jiragen yaƙin Amurka suna zaune a Lakenheath da Mildenhall, kuma daga ƙasar Ingila wasu daga cikin jiragen da suka yi wa Libiya ruwan bama-bamai a watan Afrilun 1986 suka tashi, bayan Faransa ta hana su ratsa sararin samaniyarta. Mafi muni a tarihin wannan fanni shi ne na tsibiran Chagos a tekun Indiya. Birtaniya ta yanke su daga Mauritius a 1965, ta bai wa Amurka damar kafa sansani a Diego Garcia, ta kwashe ɗaukacin mazauna tsibiran tsakanin 1968 da 1973, ita kuma aka yi mata rangwamen dala miliyan 14 a kuɗin Polaris. A 2019 Kotun Duniya ta ce raba tsibiran da Mauritius ya saɓa wa doka, kuma a watan Mayun 2025 Birtaniya ta sa hannu a yarjejeniyar mayar da su, bisa sharaɗin sansanin ya ci gaba da aiki na shekara 99.

Wanda yake so ya fahimci halayyar shugabannin Birtaniya game da Amurka, to ya tsaya a kan rikicin mashigin Suez na 1956. Shekara uku kafin nan ƙasashen biyu sun haɗa kai sun kifar da gwamnatin Muhammad Mosaddegh a Iran saboda ya ƙwace kamfanin man Birtaniya, don haka Firaminista Anthony Eden ya ɗauka Amurka za ta kau da kai idan ya yi wa Gamal Abdel Nasser irin wannan. Nasser ya mayar da mashigin mallakar Masar ranar 26 ga Yuli. Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka ƙulla makirci a asirce, Isra'ila ta kai hari ranar 29 ga Oktoba, sojojin laima na Birtaniya da Faransa suka sauka a Port Said ranar 5 ga Nuwamba, duk ba tare da an shaida wa Shugaba Dwight Eisenhower ba, ga shi ana gobe zaɓe a Amurka, ga kuma tankokin Sobiyet suna murƙushe boren Hungary. Eisenhower bai harba ko harsashi ɗaya ba. Darajar fam ta shiga tangal-tangal, ajiyar dalar Birtaniya tana zurarewa, shi kuwa ya tare mata hanyar samun rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya har sai ta amince ta janye. Cikin kwana biyu da saukar sojojin aka tsagaita wuta, kuma Eden ya sauka daga mulki a watan Janairun 1957.

Darasin da Landan ta ɗauka shi ne kada ta sake shiga babban yaƙi Amurka tana adawa da shi, kuma hanyar da za ta ci gaba da faɗa a ji a duniya ita ce ta zama wadda ta fi kowa kusanci da kunnen Washington. Faransa, wadda aka yi wa wulaƙancin tare da ita, akasin haka ta ɗauka: ta ƙera nata makamin nukiliya, ta gwada shi a Saharar Aljeriya a 1960, abin da ya sa Najeriya ta kori jakadanta a 1961, sannan a 1966 shugabanta Charles de Gaulle ya fitar da sojojinta daga ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta NATO. Shi de Gaulle ɗin ne ya hana Birtaniya shiga kasuwar tarayyar Turai har sau biyu, a 1963 da 1967, kuma cikin dalilansa har da zargin cewa za ta zama ƙofar da Amurka za ta riƙa shigowa ta cikinta.

Duk da haka, cewa Birtaniya ba ta taɓa cewa a'a ba kuskure ne. Shugaba Lyndon Johnson ya matsa wa Firaminista Harold Wilson lamba ya tura sojoji Vietnam, ko da 'yan ƙalilan ne don a ga tutar Birtaniya a fagen daga, kuma a lokacin fam yana buƙatar tallafin Amurka. Wilson ya ba da goyon baya da baki, amma ya ƙi tura soja, domin ya san jam'iyyarsa ta Labour za ta dare gida biyu, alhali Ostireliya da New Zealand sun tura nasu. Johnson ya fusata, amma musayar bayanan sirri da ta nukiliya ba su tsaya ba. Haka kuma ranar 29 ga Agustan 2013 majalisar wakilan Birtaniya ta ƙi amincewa da buƙatar Firaminista David Cameron ta kai wa Siriya hari, da ƙuri'a 285 a kan 272, kuma bayan wannan Barack Obama ma ya ja da baya.

Ita ma Amurka takan yi gaban kanta ba tare da duba fuskar ƙawarta ba, har a zamanin da ake ganin abotar ta kai ƙololuwa, wato zamanin Ronald Reagan da Margaret Thatcher. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, ta fara ne da shiga tsakani, don ba ta so ta ɓata da Ajantina, kafin daga baya ta bai wa Birtaniya makamai da mai da bayanan sirri. Shekara ɗaya bayan nan, a watan Oktoban 1983, ta mamaye tsibirin Grenada, ƙasar da ke cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila kuma Sarauniyar Ingila ce shugabarta a lokacin, duk da Thatcher ta nemi kada a yi. A 1994 Bill Clinton ya bai wa Gerry Adams na jam'iyyar Sinn Féin, mai fafutukar raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, bizar shiga Amurka duk da adawar gwamnatin John Major, ko da yake a wannan karon tarihi ya nuna matakin ya taimaka, domin Ba'amurke George Mitchell ne ya jagoranci tattaunawar da ta kai ga sulhun Ireland ta Arewa a 1998.

Yaƙin Iraƙi na 2003 shi ne ya fi ba zarginka ƙarfi, kuma ya cancanci a duba shi da kyau, domin ba tilasta wa Birtaniya aka yi ba. A watan Yulin 2002 Firaminista Tony Blair ya rubuta wa Shugaba George W. Bush wasiƙar sirri yana tabbatar masa cewa yana tare da shi ko da me zai faru. A watan Fabrairun 2003 Landan ta ga ɗaya daga cikin mafi girman zanga-zanga a tarihinta, a watan Maris kuma tsohon sakataren harkokin waje Robin Cook ya yi murabus daga majalisar ministoci, kuma sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya fito fili ya ce za su iya yaƙin ko babu Birtaniya. Ƙofar fita a buɗe take, Blair ne ya ƙi bi ta cikinta, saboda ya yarda da hujjar yaƙin, kuma ya yi imani cewa wanda yake cikin tafiya shi ke iya karkata akalarta. Abin da ya samu kaɗan ne. Ya shawo kan Bush ya bi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma da aka kasa samun ƙuduri na biyu sai aka tafi yaƙin haka nan. Manyan shawarwarin da suka wargaza Iraƙi bayan faɗuwar Saddam Hussein, wato rusa rundunar sojan ƙasar da korar 'yan jam'iyyar Ba'ath daga aiki, Ba'amurke Paul Bremer, wanda aka naɗa ya mulki Iraƙi bayan mamayar, shi ne ya sa musu hannu. Sojojin Birtaniya 179 suka mutu, ba a kuma samu makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su ba. Rahoton kwamitin John Chilcot na 2016, wanda ya binciki rawar da Birtaniya ta taka a yaƙin, ya ce Blair ya zuzuta tasirin da yake da shi a kan Amurka fiye da yadda yake, ya kuma ce dangantakar ƙasashen biyu tana da ƙarfin da za ta jure saɓani na gaskiya, ba ta buƙatar goyon baya ido rufe. Misalin Wilson ya isa hujja a kan haka.

A Afganistan, inda Birtaniya ta rasa sojoji 457, Amurka ce ta yi sulhu da Taliban, ita ce kuma ta sa ranar ficewa a 2021, ministocin Birtaniya suka yi ta ƙorafi amma ba su da ƙarfin zama su kaɗai. A Libiya kuwa a 2011, Cameron da Nicolas Sarkozy na Faransa ne suka shige gaba, Obama ya biyo baya yana ɗari-ɗari, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 da aka dogara da shi. Makaman da suka fantsama daga rumbunan Gaddafi sun taimaka wajen rura wutar tawayen arewacin Mali a 2012, kuma mutanen Nijar da arewacin Najeriya ba sai an ba su labarin abin da ya biyo baya ba.

Idan aka bar fagen yaƙi, bambancin manufofinsu ya fi yadda ake zato yawa. Birtaniya ta amince da gwamnatin kwaminis ta China tun a 1950, Amurka sai a 1979. Birtaniya mamba ce a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, Amurka ba ta ciki. Da Donald Trump ya fice daga yarjejeniyar nukiliyar Iran a 2018, Birtaniya ta tsaya tare da Faransa da Jamus. Ta yi adawa da mayar da ofishin jakadancin Amurka zuwa birnin Ƙudus, kuma a watan Satumban 2025 ta amince da ƙasar Falasɗinu tare da Kanada da Ostireliya duk da adawar Washington, ko da yake masu suka suna cewa matakin ya zo a makare kuma bai sauya komai a Gaza ba. A Kwamitin Sulhu, Amurka tana yawan hawa kujerar naƙi, musamman don kare Isra'ila, ita kuwa Birtaniya rabonta da hawa tun 1989. A cikin gida ma tazarar tana da faɗi: Birtaniya tana da tsarin kiwon lafiya na gwamnati kyauta tun 1948, ta daina hukuncin kisa, ta kuma haramta mallakar ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yaran makaranta a Dunblane, abubuwan da ɗan takarar shugabancin Amurka ba zai yi gigin alƙawarinsu gaba ɗaya ba.

Ana gane iyakar wannan 'yanci ne idan saɓanin ya taɓa fannonin tsaron da na ambata. A 2015 Birtaniya ta shiga bankin zuba jari na Asiya da China ta kafa, Amurka ta yi guna-guni, maganar ta wuce. Amma a watan Janairun 2020, da gwamnatin Boris Johnson ta ce za ta bar kamfanin Huawei na China ya taka rawa taƙaitacciya a tsarin sadarwa na 5G, sai jami'an Amurka suka yi gargaɗin cewa hakan zai iya shafar musayar bayanan sirri, suka kuma ƙaƙaba wa kamfanin sabon takunkumi. Kafin watan Yuli ya ƙare Birtaniya ta lashe amanta, ta ba da umarnin cire kayan Huawei nan da 2027. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Jituwar shugabanni tana da tasiri, amma ba kamar yadda jaridu ke kambamawa ba. Blair na Labour ya ɗasa da Clinton na Democrat, ya kuma ɗasa da Bush na Republican. Keir Starmer na Labour, wanda aƙidarsa ta yi hannun riga da ta Trump, shi ne ya kai masa takardar gayyatar Sarki Charles hannu da hannu a fadar White House, ya kuma karɓe shi a ziyarar ƙasa karo na biyu a watan Satumban 2025. Wannan yana nuna wane ne yake lallaɓa wane. A 2019 jakadan Birtaniya a Washington, Kim Darroch, ya ajiye aiki bayan an fallasa rahotannin sirri da ya soki gwamnatin Trump a cikinsu, kuma Trump ya ce ba zai sake hulɗa da shi ba.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rage mata wani abin da take sayarwa a Washington, wato zamanta muryar da ke kusa da ra'ayin Amurka a teburin Brussels, hedikwatar tarayyar. Masu goyon bayan ficewar sun yi alƙawarin babbar yarjejeniyar ciniki da Amurka, duk da Obama ya gargaɗe su a watan Afrilun 2016 cewa a ƙarshen layi za su tsaya. Har yanzu cikakkiyar yarjejeniyar ba ta samu ba, domin manoman Amurka suna so a buɗe musu kasuwar nama, su kuwa mutanen Birtaniya ba sa son kajin da aka wanke da sinadarin kulorin da shanun da aka yi wa allurar ƙara girma. Abin da aka cim ma a watan Mayun 2025 taƙaitacce ne: an rage harajin fito a kan motocin Birtaniya har 100,000 a shekara zuwa kashi 10 cikin ɗari, amma harajin kashi 10 da Trump ya ɗora wa yawancin kayayyaki ya ci gaba da aiki a kanta kamar sauran ƙasashe da dama. Amurka ce ƙasa guda da Birtaniya ta fi ciniki da ita, amma cinikinta da Tarayyar Turai a dunƙule ya fi wancan nesa ba kusa ba.

A daidai lokacin da ake wannan ja-in-ja a kan haraji, igiyar tsaro ƙara ɗaurewa take yi. A watan Satumban 2021 ƙasashen biyu suka haɗu da Ostireliya suka ƙulla ƙawancen AUKUS don samar mata da jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya, matakin da ya sa Ostireliya ta soke kwangilar da ta bai wa Faransa. A watan Janairun 2024 jiragensu suka kai wa 'yan Houthi hari tare a Yemen, wanda ka ambata a tambayarka. A wannan shekarar kuma aka gyara yarjejeniyar nukiliya ta 1958, aka cire sharaɗin sabunta ta duk bayan shekara goma, ta zama ba ta da wa'adi. Sababbin jiragen ƙarƙashin teku samfurin Dreadnought da Birtaniya ke ƙerawa a Barrow-in-Furness, waɗanda ake sa ran za su fara aiki a farkon shekarun 2030, an tsara su ne don ɗaukar makamin Trident ɗin nan na Amurka, kuma sashen da ake ajiye makaman a cikinsu tare aka zana shi da na sababbin jiragen Amurka samfurin Columbia.